Mai Wankin Tumbi

Shekara talatin da ɗaya ina tsugune
a bayan kwatar Gombe, inda ruwa ke gangarawa kore.
Ni ne Barde, wanda ba a ba wuƙar yanka ba,
sai tumbi. Kawo a wanke.

Daga ciki nake gane sa.
Wannan na Kumo ne, harawar wake ya ci.
Wancan daga Dukku, karan dawa da ƙishirwa.
Toroso ba ya ƙarya, mai dabba ne ke yi.

Ɗaki huɗu ne gidan.
Babban zaure mai gashi-gashi kamar tawul,
sai ƙaramin da aka zana kamar saƙar zuma,
inda ƙusa da guntun waya kan je su kwanta,
sai mai shafi-shafi, ina ce masa littafi
ko da yake ban taɓa sauke shi ba,
sai na ƙurya, mai santsi, mai tsami.
Shi kaɗai ya yi kama da nawa.

Iyakar karatuna ke nan
har Hajjo ta zo hutu daga makarantar noma a Bauchi,
ta tsaya nesa, gyale a hanci,
ta ce, Baba, ka san cikin gari hannunka yake?

Wai a cokali ɗaya na ruwan nan
akwai halittun da suka fi mutanen jihar nan yawa,
ta gan su a madubin makaranta, suna iyo.
Saniya ba ta iya ciyawa ba, in ji ta,
haɗiyewa take ta aika wa baƙi.
Su ke warware zaren kara,
su jiƙa, su tsima, kamar gasarar da ta kwana,
abin da ya yi tauri a maido baki: sake.
Ita ce tuƙar da kake gani da la'asar a gindin maina,
yawu na sauka mai kanwa-kanwa yana kashe tsami,
gyatsa na hawa.
Kuɗin hayarsu wani ruwa ne da bangon tumbi ke tsotsewa,
shi ke zama tozo, shi ke zama nono.
Su ma baƙin, in kwanansu ya ƙare,
a kora su ƙurya, a narkar, su zama tsoka.

Na ce, ikon Allah, mai masauki ya cinye baƙo.
Ta yi dariya cikin gyale.

Sai na tuna bajimin Giɗaɗo,
da ya ɗura wa masara tiya biyar dare ɗaya
don Layya ta matso, kuɗi na kira.
Gari ya yi tsami, baƙi suka mutu,
ciki ya tashi kamar ganga,
aka kawo shi a amalanke kafin asuba.

Da karsanar Inna Dudu ta Bolari.
Wata bakwai tana cin dusa tana ramewa.
Aka ce baki ne, aka yi hayaƙi, aka canza turke.
Da na tsaga, leda ce,
baƙa, ta nannaɗe kamar gammo,
mun ɗora a sikeli, kilo goma sha ɗaya.
Duk garin can babu wanda ya iya ta.
Inna Dudu ta duba, ta duba,
ta ce, waccan mai zanen ja
a ciki na sayo mata dusar.

Yanzu in na juye toroso yana tururi da sassafe
nakan ɗan dakata.
Ba addu'a nake ba, ban san wadda ake yi musu ba.
Sai yaron mahauci ya kwatsa:
Barde, tumbi uku na jira!
In ja bokiti.
Ruwan rijiyar nan da sanyi yake,
cikin kuwa har yanzu da ɗumi.